Yadda Ake Auna Unguwa Kafin a Kama Gida

Mai neman gida yakan tsaya a kan kuɗin haya kaɗai, alhali abin da zai fita daga aljihunsa ya wuce nan. Tun a 1964 masanin tattalin arziki William Alonso ya nuna cewa farashin fili yana sauka gwargwadon nisansa da tsakiyar gari, domin mazauna nesa suna biyan cikon a kuɗin mota da lokacin da hanya take cinye musu. Saboda haka abin farko shi ne a rubuta kuɗin haya na wata, a ɗora masa kuɗin zirga-zirgar duk mai fita aiki a gidan, har da na kai yara makaranta, sannan a gwada unguwanni biyu ko uku da wannan jimilla. Sau da yawa gidan bayan gari, wanda arharsa ta ja hankali, shi ne yake fin tsada bayan an kammala lissafi. A Amurka hukuma tana ɗaukar iyalin da muhalli yake cinye fiye da kashi 30 cikin 100 na samunsu a matsayin waɗanda kaya ya yi wa nauyi, kuma ma'auni ne mai amfani, ko da yake bai haɗa da sufuri ba.

Bayan haka sai a tantance abin da ake biya wa kuɗi. Farashin gida ya ƙunshi darajar ruwa da wuta da tsaro da makarantun da ke kewaye da shi, don haka wanda ba shi da yara ƙanana yana iya biyan tsadar makarantar da ba zai taɓa amfana da ita ba. Waɗannan abubuwa ba a gane su a ziyara ɗaya tare da dillali. A je da safe lokacin cunkoso, a koma da dare, a sake komawa bayan an yi ruwan sama a duba gindin katanga, inda tabon ambaliya yakan zauna ko an shafe shi da fenti.

Akwai kuma batun hauhawar haya. Idan aka buɗe sabon titi ko masana'anta, masu neman gida sukan ƙaru cikin 'yan watanni, gine-gine kuwa sai sun ɗauki shekaru, kuma a wannan tsakanin ne haya take tashi. A tambayi tsofaffin 'yan haya sau nawa aka yi musu ƙari a shekaru ukun da suka wuce, sannan a nemi a rubuta iyakar ƙarin a takardar yarjejeniya kafin a sa hannu.