Darasi na 9: Toshe Yoyon Rufin Tsohuwar Mota

A Turai da Amurka akwai motocin da ake ƙerawa da gado da wurin girki a ciki, mutum ya yi ta yawo da gidansa. Mu a nan Sakkwato irinsu ba su da yawa. Tamu ita ce tsohuwar bas ɗin da ta gaji da hanyar Illela, aka cire mata kujeru, aka shimfiɗa katifa, ta koma ɗakin maigadi ko ma'ajiyar ɗan kasuwa. Da tasu da tamu ciwonsu ɗaya, yoyo.

Rana ce ke fara ɓarnar. Zafin bazara, wanda kan haura maki 40 a Afrilu, yana busar da robar tagogi, ya tsattsaga gam ɗin da ke bakin haɗi. Ba ka sani ba sai ruwan Yuni ya sauka a kan katifarka. Saboda haka a yi gyara tun kafin hadari ya fara haɗuwa, don gam ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe.

Babban aikin shi ne gano ƙofar ruwan. Inda yake ɗiga ba lallai ta nan ya shiga ba. Yakan shiga ta gaba, ya bi ƙarfen da ke cikin silin, ya je ya ɗiga a baya. Mutum biyu ake so, ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a waje da buta. Na waje ya fara zubawa daga ƙasa, wato gefen tagogi, sannan kwatar da ke bakin rufi, sai a ƙarshe ya hau sama. In ya fara daga sama, ruwa zai gangaro ko'ina, ku rasa gane mai laifi.

"Baba, ka ga danshi?"

"Tukuna, ɗana. Dakata kaɗan, kada ka yi gaggawa."

Haka za ku yi ta yi, taki bayan taki. Da ɗigo ya bayyana, a zagaye wurin da alli. Ku fi sa ido a ramukan kusoshin kariya, wato ƙarfen ɗora kaya da ke saman mota, nan ne tsatsa ta fi son zama. Mai hawa kuma ya gitta katako ya durƙusa a kai. Tsakiyar rufi ba ta ɗaukar nauyin mutum, in ta lotsa ka yi wa ruwa tafki.

A wanke wurin da garin sabulu, a bar shi ya bushe sarai. A goge tsatsa da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin hana tsatsa, a jira ya bushe. Sannan a kawo filashban, wato tef ɗin nan mai kwalta da ake liƙe kwanon gida da shi, ana samunsa wurin masu kayan gini. A yanka shi ya zarce ramin da faɗin yatsu uku ta kowane gefe. Da hantsi ake liƙawa, lokacin da ƙarfe ya yi ɗumi amma bai kai ƙona hannu ba. A murza shi da kwalba daga tsakiya zuwa baki har iska ta fita duka.

Kusa mai yoyo, kwance ta za ka yi, ka cusa gam a ramin, ka yanko 'yar roba daga tsohon tib na taya ka sa a ƙarƙashin kan kusar, ka ɗaure. Amma ka shinshina gam ɗin silikon kafin ka yi aiki da shi: mai warin tsami yana sa tsiraren ƙarfe tsatsa. Masu ɗaura leda su danne da dutse kuwa, iskar hadari ɗaya ta ishe su.

Ramin da ya kai tafin hannu ya fi ƙarfin tef, sai mai walda. A cire silin tukuna, don tartsatsi na iya kunna shi. In da sauran kuɗi, a shafe rufin da farin fenti, cikin motar zai rage zafi.

Aikin gida: rubuta sanfefa, filashban, gam da fenti a littafinka. Tambayi farashinsu a shaguna uku, ka rubuta, ka haɗa jimilla, ka zo da ita aji.