Yadda ake gyara takardun bayanin direbobi a LinuxCNC

LinuxCNC manhaja ce ta sarrafa injinan yankan ƙarfe da kwamfuta, direba kuwa shi ne ɓangaren manhajar da ke magana da na'ura. Yawancin masu fara gyaran takardunsu da sun buɗe takarda sai su hau gyaran nahawu da waƙafi. A ƙarshe rubutu ya yi daɗin karatu, amma sunan fil ɗin da ke ciki (pin, wato mashiga ko mafitar sigina) babu shi a direba. Wanda ke tsaye gaban injin yankan ƙarfe, abin da zai kwafa ya liƙa a fayil ɗinsa na HAL, inda ake haɗa fil da fil, yake nema.

Da farko ka san fitowar LinuxCNC da kake yi wa rubutu. Abin da ke daidai a 2.8 ta 2020 ba lallai ya ci gaba da zama daidai a 2.9 ta 2023 ba. Takardun suna cikin babban fayil na docs/src, da tsarin rubutu na AsciiDoc aka rubuta su. In ka ci karo da EMC2, tsohon sunan manhajar ne kafin a sauya shi a 2012. Ka gyara, sai fa inda ake ba da tarihi.

Mataki na biyu shi ne aikin gaba ɗaya. Loda direban, ka buga umarnin halcmd show pin don ganin fil-fil ɗinsa, sannan halcmd show param don ganin saitunansa. Abin da ya fito a gefe guda, takarda a ɗaya gefen, ka bi layi-layi. Kada ka rubuta suna da ka, ko da kullum kana amfani da shi. Fil ɗin parport.0.pin-10-in daban, parport.0.pin-10-in-not daban, na biyun kishiyar na farko yake bayarwa. In makunnin iyaka, mai sanar da inji ƙarshen tafiyarsa, ke wurin aka musanya su, inji zai ɗauka ya kai bango alhali yana tsakiya. Kowane fil ka faɗi nau'insa, bit ne ko float ko s32 ko u32, da kuma shiga yake ko fita.

Sai ma'auni, inda na taɓa ƙonuwa. Na rubuta wa wani abokin aiki bayanin katin Mesa, wanda ke haɗa kwamfuta da inji, na sa steplen (tsawon bugun da ke motsa motar injin) 5, a raina maikrosakan biyar. Direban katin, hostmot2, kuwa da nanosakan yake lissafi, 5000 ya kamata na sa. Bugun da ke fita ya yi gajarta har akwatin da ke sarrafa motar injin bai gan shi ba. Lamba na tafiya a allo, mota ko motsi. Yini guda ya yi yana kwance wayoyi yana ɗaurawa. Tun ranar ba na barin lamba tsirara a takarda, dole ma'auninta ya biyo ta: milimita, inci, nanosakan. Kai ma kada ka bari.

Katin Mesa da tsada, in ba ka da shi ka ara na awa guda, ka adana abin da halcmd ya nuna. Irin su stepgen, mai samar da bugu a cikin manhaja, kuwa umarnin halrun ya ishe ka loda su ba tare da inji ba.

Kafin ka taɓa shafin man, wato shafin jagora, duba ko daga fayil ɗin .comp, mai ɗauke da lambobin direban da bayaninsa, aka samar da shi. In haka ne, can za ka yi gyara, don halcompile, mai sarrafa fayil ɗin .comp, zai sake rubuta shafin ya shafe wahalarka.

Sauran mai sauƙi ne. Gina takardun ka ga babu mahaɗin da ya karye, kowane gyara ka tura shi GitHub shi kaɗai. Jimlar Turancin da ba ta da laifi ka ƙyale ta, don da ka sauya ko harafi ɗaya, masu fassara a dandalin Weblate sai sun koma kanta.