Yadda ake gyara silon mota bayan an cire mata indomi

Tun da aka gano cewa indomin da ke cikin salansa, wato abin da ke tace hayaƙin mota (catalytic converter), kuɗi ne, saboda filatinom da faladiyom da ke jikinsa, tsofaffin motoci da yawa a Zariya suka rasa nasu. Wani shi ya sayar da hannunsa, wani kuma a gareji aka yashe masa bai sani ba. Sai ka tsaya a cunkoson PZ ka ji sitiyari na kakkarwa, allurar gudun inji na hawa da sauka, kana kunna AC mota ta nemi mutuwa.

Da farko, kada ka sayi fulogi, kada kuma ka bari yaron gareji ya ɗaga maka silo, wato gudun inji sa'ad da mota ke tsaye, don rawar ta ɓuya. Rashin indomi shi kaɗai bai cika lalata silo ba. Ɓarnar da aka yi wajen cire shi ce ke jawo matsalar.

A sa wa motar kwamfutar gano matsala. Ni ba na yarda a kwance ko noti ɗaya kafin wannan, kuɗinsa ma bai kai na koyil guda ba. Idan lambar matsala P0420 ta fito, wuce ta, cewa kawai take indomi ba ya aiki, kai ma ka sani. Wadda za ka nema ita ce P0171, ma'ana iska ta yi wa mai yawa. Ka ce wa mai kwamfutar ya duba yawan man da ƙwaƙwalwar motar ke ƙarawa a silo. In ya haura kashi 10 cikin 100, mai yiwuwa iska na shiga ta inda bai kamata ba.

To, a nan ni na sha wahala. Sensa biyu ne a salansa, ɗaya kafin indomi, ɗaya bayansa. Na bayan galibi ɗan sa ido ne, na gaban shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa yawan man da za ta saki. Idan mai walda ya bar ƙofa kusa da na gaban, ko da kamar ƙwayar gero ce, ko gaskit bai zauna ba, salansa na zuƙo iskar waje tsakanin bugu da bugu. Sensa ya ɗauka mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta yi ta antaya shi, fulogi su yi baƙi, inji ya kama rawa. Ni a tsohuwar Corolla tawa sai da na canza fulogi huɗu, na wanke nozul, na sayi koyil ɗan Beljiyom, kafin wani dattijon bakanike a Sabon Gari ya kwanta ƙarƙashinta da tocila ya ce, "Alhaji, zo ka gani." Wani siririn layin baƙin hayaƙi ne a saman waldar, ɓangaren da ke fuskantar cikin mota, inda hannun mai walda bai kai ba.

Ga yadda za ka gwada. Da sassafe, inji na sanyi, a fili ba cikin rufaffen gareji ba, ka tayar da ita. Wani ya danne bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙu, kai kuma ka saurara: inda ke tsiyaya zai riƙa "fis-fis". In ba ka ji ba, shafa ruwan Omo a waldar ka ga inda zai yi kumfa. Yi sauri, ƙarfen ba ya jimawa yake zafi. Idan za a sake waldar, a sauke salansar ƙasa a zagaye ta duka, a cire sensa tukuna, a cire kan batir. Wanda ya ce zai yi maka a jikin mota, ka nemi wani.

Daga nan bi wayar sensan. Ana yawan barin ta a kan ƙarfe mai zafi ta narke, ko a musanya soket ɗin gaba da na baya.

Sai tiyo-tiyon iska da ke kan inji. Masu cire-cire kan tsige su su bar bakin a buɗe, ko su toshe da ƙusa da leda. Duk wanda ya tsage a canza, arha ne. In motarka tana da bawul ɗin EGR, mai mayar da hayaƙi cikin inji, ka duba ko baƙin toka ya maƙale shi a buɗe, don a silo rufe yake zama. Wanke shi ya fi toshe shi da gwangwani. Af, in an cire maka tamostat, mai daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai tsaye, mayar da shi, inji mai sanyi ba ya daidaita mai.

Saura mai sauƙi ne. Ƙurar hunturu tana cika maƙogwaron totur, a wanke shi, a duba filtar iska. A goge lambobin matsalar da kwamfuta, a bar inji ya yi zafi, ya yi minti goma ba AC ba fitila. Allura ta zauna tsakanin 650 da 800.

Wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji, kam za ta dawo saboda P0420, warin hayaƙin nan mai yaji ma yana nan, sai ranar da ka mayar da indomi. Ni na mayar da nawa, don yara ke zama a baya. Kafin ka tara kuɗin, kada ka bari a cire ƙwan fitilar, ka riƙa sa kwamfuta lokaci-lokaci ko wata lambar ta ɓuya a bayan waccan.