Yadda Ake Karanta Agogon Kwamfuta da Saita Shi a Linux

Agogo biyu ne a cikin kwamfuta, kuma mai rubuta manhaja yana bukatar ya bambance su tun farko. Na farko shi ne RTC, agogon da ke jikin na'urar kanta, wanda ƙaramin batir yake tafiyar da shi ko da na'urar tana kashe. Na biyu yana hannun Linux: idan aka kunna kwamfuta sai ya karɓi lokaci daga RTC, daga nan ya ci gaba da nasa ƙidayar, wato adadin daƙiƙoƙin da suka wuce tun daga 1 ga Janairu 1970 a agogon UTC, lokacin bai-ɗaya da duniya take auna sauran lokuta da shi.

Domin karanta lokaci a harshen C, sai a kira clock_gettime tare da CLOCK_REALTIME, a ba ta wurin ajiya mai suna timespec, ita kuma ta zuba daƙiƙoƙi a tv_sec da ɓurɓushinsu a tv_nsec. Bayan haka localtime_r za ta mayar da adadin zuwa lokacin gida, wanda a Najeriya da Nijar yake gaban UTC da awa ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna tsawon aiki da wannan agogo. Idan aka gyara lokaci ana tsakiyar aikin, lissafin zai iya nuna cewa an gama kafin a fara. CLOCK_MONOTONIC ne ya dace da awo, domin ba ya komawa baya.

Saitawa kuwa da clock_settime ake yi, amma sai da izinin root, wato babban mai iko a kan tsarin, ko CAP_SYS_TIME, izinin canza lokaci, in ba haka ba kiran zai dawo da -1 tare da EPERM, alamar rashin izini. A fara dakatar da NTP, tsarin da ke daidaita agogo ta intanet, domin zai iya goge gyaran. A ganina, idan kuskuren na 'yan daƙiƙoƙi ne, gara a yi amfani da adjtime, wadda take ƙara wa agogo sauri ko rage masa sannu a hankali har ya daidaita, maimakon tsallen da yake rikita ayyukan cron, manhajar da ke gudanar da ayyuka a lokutan da aka tsara musu. Daga nan a rubuta sabon lokacin a RTC da umarnin hwclock --systohc, don kada gyaran ya ɓace idan an kashe na'ura.

Wanda yake aiki da tsohon tsari mai time_t (ma'ajiyar adadin daƙiƙoƙin) na bit 32 ya koma na bit 64, saboda ƙidayar tsohon za ta cika a 19 ga Janairu 2038.