Ga masu neman takardun zama ɗan ƙasa na kakanni

Salamu alaikum 'yan uwa na Damagaram. Mai son gano ko kakansa ya samu takardar zama ɗan ƙasar Faransa a zamanin Nasara, ya fara duba shekara tukuna. Kafin 1946 yawancin mutanenmu talakawan mulkin mallaka ne kawai, ba su da matsayin ɗan ƙasa. Dokar Lamine Guèye ta 7 ga Mayu 1946 ce ta ba kowa a dunƙule, don haka kada ka wahalar da kanka neman takardar mutum ɗaya bayan wannan ranar.

Wanda ya samu kafin nan, galibi tafinta ne, ko ma'aikacin gwamnati, ko tsohon soja, kuma sunansa kan fito a jaridar gwamnatin Faransa, Journal officiel. Ana karanta tsoffin fitowarta kyauta a Gallica, shafin intanet na babban ɗakin karatun ƙasar Faransa. Sai dai a gwada rubutun suna iri-iri: Yusufu zai zama Issoufou, Mamman ya koma Mamane ko Mahamane. Shekarar haihuwa ma kintace ce, kada ka kafe a kanta.

Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926, amma takardun zamanin nan a ma'ajiyoyin tarihi na Yamai, Dakar da Aix-en-Provence ta Faransa ake nemansu. In kaka soja ne, a rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji ta garin Pau a Faransa.

Tun kafin wannan duka, a zauna da tsofaffin gida a unguwar Birni ko Zango, a buɗe akwatin kaka. Lambar soja ko katin fansho na rage wahala ƙwarai.