Maɓallan Fn Sun Daina Aiki Bayan Sabunta Kanel: Kurakuran Da Aka Fi Yi

Na gaji da ganin sababbin masu amfani da Linux suna maimaita ɓarna iri ɗaya a duk lokacin da suka sabunta kanel, wato ginshiƙin tsarin da ke sarrafa sassan na'ura, suka wayi gari maɓallan ƙara hasken allo, rage murya ko kashe Wi-Fi sun mutu a laftop ɗinsu. Matsalar ba ta da girma, amma da yawa garin neman gira suke rasa ido.

A yawancin laftop, Linux ba ya ganin maɓallin Fn, wanda ake haɗawa da wani maɓalli domin irin waɗannan ayyuka, kai tsaye. Wani ƙaramin guntun lantarki ne a cikin na'urar yake karɓar dannawar, ya aika saƙo ta hanyar ACPI ko WMI, hanyoyin da na'ura ke magana da tsarin, sannan direba, ƙaramar manhajar da ke cikin kanel, ya fassara shi, wato thinkpad_acpi ga ThinkPad, asus-wmi ga Asus, hp-wmi ga HP. Idan kanel ya canza, mai fassarar ne ya canza, maɓallan kuwa lafiyarsu ƙalau.

Kuskure mafi muni shi ne goge tsarin gaba ɗaya a sake ɗora shi, kuma ni kaina na taɓa yin sa. Wani dare hasken allona ya maƙale a ƙololuwa, yana shanye batir yana kuma damun idona, sai na ɗauko filash na sake ɗora komai cikin fushi. Na manta da wani kundi da ban kwafa ba, mai ɗauke da aikin da na yi makonni ina rubutawa, kuma ban sake ganinsa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da na gama na sabunta tsarin, kanel ɗin nan ya dawo, matsalar ta dawo tare da shi. Maganin yana gabana tun farko. A sake kunna kwamfutar, a danna Esc ko a riƙe Shift har GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa kafin Linux ya tashi, ya bayyana, a shiga "Advanced options", a zaɓi kanel na baya. Idan maɓallan suka farfaɗo, an gano mai laifi cikin minti biyu ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya ba. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga mutum ya garzaya ya buga apt autoremove, umarnin da zai iya goge tsofaffin kanel, bai karanta abin da za a cire ba, domin kawai ya samu sarari. Nau'o'in Linux sun bambanta a nan: Fedora tana ajiye kanel 3 da kanta. A Arch kuwa sabon yana maye gurbin tsohon, don haka al'adata ita ce in ajiye linux-lts, kanel mai tallafi na dogon lokaci, a gefe, kuma ba na cire tsohon kanel sai sabon ya yi mako guda ba tare da tangarɗa ba.

Na biyu shi ne kwafo umarni daga intanet a cusa cikin /etc/default/grub ba tare da sanin aikinsa ba. Wanda ya rubuta acpi=off domin gyara maɓalli ɗaya, ya toshe hanyar da saƙon maɓallin yake bi ne gaba ɗaya. Na gwada shi sau ɗaya, alamar batir ta ɓace, kwamfutar ta ƙi mutuwa sai na danne maɓallin wuta da yatsa. Don Allah a daina wannan! Duk abin da za a gwada, a danna e a GRUB, a ƙara shi a ƙarshen layin da ya fara da linux, a danna F10. Idan bai yi ba, sake kunnawa zai share shi. Kuma a riƙa gwada abu ɗaya a lokaci guda, domin wanda ya zuba huɗu tare ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Akwai kuma masu rikita mutuwar maɓalli da mutuwar sarrafa haske. A buɗe evtest, manhajar da ke nuna saƙon da maɓallai suke aikawa, a danna maɓallin. Idan KEY_BRIGHTNESSUP ya fito, maɓallin yana magana, sai a duba /sys/class/backlight, inda ake ganin direban hasken allo da ke aiki. Kanel 6.1 na Disamba 2022 ya sauya yadda ake zaɓar direban hasken allo, kuma a irin wannan yanayi ne acpi_backlight=native ko acpi_backlight=vendor suke da amfani.

Sauran ƙanana ne. Wasu sun kunna makullin Fn ne ba su sani ba, kuma Fn da Esc suna buɗe shi a ThinkPad da Dell da yawa. Wasu ba su sake kunna kwamfutar ba bayan sabuntawa. Wasu kuma an ɗauke musu wuta ko data ta ƙare ana tsakar saukewa, linux-modules-extra na Ubuntu, ƙunshin ƙarin direbobi, bai shiga ba, sai a buga sudo dpkg --configure -a sannan sudo apt -f install.

Idan tsohon kanel yana aiki, sabon ba ya yi, a zauna kan tsohon, a kai rahoto ga masu kula da tsarin tare da samfurin laftop ɗin, lambar da uname -r ya nuna a kowanne kanel, da saƙonnin kanel da journalctl -k ya fitar.