Yadda Ake Zaɓen Ƙaramar Tarakta Daidai da Gonarka

Mai neman ƙaramar tarakta kusan kullum da tambaya ɗaya yake farawa: "Hekta kaza gare ni, mai doki nawa ya kamata in saya?" Doki a nan ma'aunin ƙarfin inji ne. Tambayar tana da amfani, sai dai an yi mata gaggawa. Ka ɗauki mutum biyu, kowannensu da hekta 5. Na farko ciyawa yake yankewa, ya ja tirela, shi ke nan. Na biyu yana huɗa a ƙasa mai laka, yana kwasar taki da tsakuwa, gonarsa kuma a gangare take. Faɗin filinsu ɗaya, amma taraktar da za ta wadaci na farko wahala za ta sha a hannun na biyu. Aikin da ya fi nauyi a cikin ayyukanka na kullum shi ke yanke girman tarakta. Saboda haka daga aiki za mu fara, injin ya zo daga baya.

Mataki na 1: Rubuta ayyukanka, ka ware na kullum da na shekara-shekara

Ka samu takarda ka jera duk abin da kake so tarakta ta yi maka: yankan ciyawa, huɗa, haro, feshi, jan tirela, gyaran hanyar shiga gona, kwasar taki, ɗaukar damin ciyawar dabbobi, haƙan ramin shinge. A gaban kowanne ka rubuta sau nawa ake yinsa. Wanda ake yi duk mako ko duk wata, shi za ka saya wa tarakta. Wanda ake yi sau ɗaya a shekara biyu ko uku, kamar tumɓuke kututture ko haƙan tafki, ka ɗauko hayar babban inji a yi maka shi a wuni ɗaya. Wanda ya sayi ƙatuwar tarakta saboda aikin kwana biyu, sauran kwanakin shekara zai yi ta zuba mata mai yana fama da ita a lungunan da ba ta shiga.

Mataki na 2: Zaɓi kayan aiki kafin tarakta

Nan ne hankali ya kamata ya fi tsayawa. Tarakta ita kaɗai ba ta noma, ba ta yanka. Kayan da aka maƙala mata ne ke yi. Idan ka san faɗin kayan da kake bukata, ƙarfin injin zai fito da kansa.

Akwai lissafi mai sauƙi na sanin yawan filin da za ka gama a awa ɗaya. Ka ninka faɗin kayan aikin a mita da gudun tarakta a kilomita cikin awa, ka raba da 10, sannan ka rage kamar kashi 20 cikin 100 saboda juyawa a bakin gona da maimaita inda aka riga aka bi. Misali, mayankar ciyawa mai faɗin mita 1.5 a gudun kilomita 6 za ta ba ka kimanin hekta 0.7 a awa, wato hekta 5 cikin awa 7. Mai faɗin mita 1.2 za ta kai ka kusan awa 9, mai mita 1.8 kuma ƙasa da awa 6. Yanzu sai ka tambayi kanka: awa nawa nake da su a mako? Manomin da ke gona kullum zai iya haƙuri da ƙaramar mayanka. Ma'aikacin da sai ƙarshen mako yake samun zuwa, awa uku ɗin nan na bambanci babban abu ne a wurinsa.

Daga faɗi sai ƙarfi. Ƙa'idar da masu harkar suka saba bi ita ce, mayankar ciyawa mai juyawa tana son doki 5 a kowane santimita 30 na faɗinta. Mai mita 1.5 ke nan doki 25 take so. Amma ka lura da kyau: dokin da ake nufi a nan ba wanda aka rubuta a jikin tarakta ba ne. Na jiki ƙarfin injin ne. Wanda ke juya kayan aiki shi ne na shaf ɗin baya, wanda ake kira PTO, mai juyi 540 a minti. Kafin ƙarfi ya isa can, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ya riga ya tafi a giya da famfo. Don ka samu doki 25 a shaf, sai ka nemi injin mai doki 30 ko ɗan fiye. Duk dilan da ya ce maka "mai doki 25 ce," ka tambaye shi: "A injin ko a shaf?" Amsar tana cikin takardar bayanin taraktar, ka nemi a nuna maka.

Ka kuma duba maƙalar baya mai hannu uku, inda ake maƙala kayan aiki, wadda Harry Ferguson ya ƙirƙira, ta kuma bazu bayan fitowar taraktar Ford 9N a 1939. Aji-aji ce. Yawancin ƙananan taraktoci aji na 1 ne, mai fil ɗin ƙasa kaurin milimita 22. Manya kuma aji na 2, mai milimita 28. Idan kana da tsohuwar garma ko haro a ajiye, ko kana sa ran aro daga maƙwabci, ka auna fil ɗinsu tun yanzu.

Mataki na 3: Dubi nauyi, kada doki ya ɗauke maka hankali

Aikin tarakta iri biyu ne: na juyawa da na ja. Yankan ciyawa da farfasa ƙasa da rotaveta aikin juyawa ne, doki suke ci. Huɗa, haro, jan tirela da tura ƙasa kuwa aikin ja ne, kuma nauyi suke so. Tarakta marar nauyi, komai ƙarfin injinta, da zarar garma ta nutse sai tayoyi su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna tona rami.

Kamfanoni sun bambanta wajen rabon suna, amma a taƙaice ga yadda abin yake. 'Yan ƙananan, masu doki 25 zuwa ƙasa, nauyinsu kan kama daga kilo 600 zuwa 800. Irin su Kubota BX da John Deere jeri na 1. Suna da kyau a lambu, harabar gida da fili mai hekta 1 ko 2, amma cikinsu kusa da ƙasa yake, ba sa son kunya mai tsayi ko hanya mai ramuka. Matsakaita, masu doki 25 zuwa 40, sukan wuce tan ɗaya har zuwa tan ɗaya da rabi. Su ne suka fi dacewa da yawancin gonakin hekta 2 zuwa 8 masu aiki gauraye, kuma in da za a tilasta min in zaɓa wa mutum ban ga gonarsa ba, a nan zan tsaya. Daga doki 40 zuwa 60 an shiga na masu huɗa sosai, masu ɗaga manyan damman ciyawa, da masu fili mai faɗi.

Wani abin da ke rikita mai saye: za ka ga taraktoci biyu duk an rubuta doki 24 ko 25, amma ɗaya ta kusa ninka ɗaya a jiki. Dalili shi ne dokokin hayaƙi a Amurka da Turai sun fi tsananta a kan injin dizal da ya kai kilowat 19, wato kimanin doki 25. Wanda ya haura nan yawanci sai an sa masa matatar toka a salansa, wadda ke ƙara tsada da kulawa. Sai kamfanoni suka riƙa ɗora injin da ya tsaya ƙasa da wannan iyaka a kan gangar jiki babba. Idan aikinka na ja da ɗagawa ne, irin wannan babbar mai ƙaramin doki ciniki ne mai kyau. Idan kuwa mayanka mai faɗi za ka juya a ciyawa mai kauri, za ta gaza maka.

Mataki na 4: Lissafa abin da loda za ta ɗaga

Kusan duk wanda ya sayi tarakta da loda, wato hannayen da ke ɗaga bokiti a gaba, yakan tarar lodar ce ya fi amfani da ita. Ka ɗauki abu mafi nauyi da za ka riƙa ɗagawa, ka san kilonsa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana kai tan 1.7 a kubik mita ɗaya, wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi, don haka bokiti mai cin rubu'in haka ya haura kilo 400 in an cika shi.

Adadin da ake tallatawa sau da yawa a daidai fil ɗin da bokiti ke juyawa aka auna shi. Kaya kuwa a gaban fil yake zama, inda ƙarfin ɗagawa ya ragu. Ka nemi adadin da aka auna milimita 500 gaba da fil, shi ne ya fi kusa da gaskiyar aiki. Haka ma maƙalar baya, ka nemi na santimita 61 bayan hannuwan. Sannan kada ka sayi wadda iyakarta daidai da kayanka. Ka bar sarari.

Loda kuma ba ta tafiya ba tare da nauyi a baya ba. Bokiti ya cika, bayan tarakta ya yi sauƙi, tayoyin baya su rasa riƙo, dukkan nauyi ya koma kan ƙananan tayoyin gaba. Maganinsa akwatin nauyi a maƙalar baya, ko wani kayan aiki mai nauyi, ko a zuba ruwa a tayoyin baya. Ka sa wannan a cikin kasafinka tun farko.

Mataki na 5: Zaga gonar da awo a hannu

Ka auna ƙofar gona, ƙofar rumfar da za ka ajiye taraktar, tazarar da ke tsakanin layukan bishiyoyi, da faɗin duk wata 'yar gada ko kwalbati da za a haye. Ka auna tsayi ma, domin ƙarfen kariya da ke bayan kujera yakan wuce mita 2. Akwai mai naɗewa, amma amfaninsa a naɗe shi a bakin rumfa kawai, a miƙe shi da an fito.

Batun gangare ba na wasa ba ne. Kifewa na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe masu tuƙa tarakta, kuma ƙaramar tarakta siririya ce, ta fi saurin kifewa ta gefe. Idan gonarka na da tudu da kwari, ka fifita mai faɗin tayoyi da nauyi a ƙasa, mai ja da ƙafa huɗu. Ka riƙa hawa da sauka a miƙe maimakon ratsa gangare a karkace, bokiti kuma yana ƙasa-ƙasa. Kada ka yarda da tarakta marar ƙarfen kariya komai arharta, kuma ƙarfen ba ya cika aikinsa sai ka ɗaura bel.

Irin ƙasar ma na da ta cewa. Jigawa ba ta wahalar da garma. Laka mai danƙo tana iya cin ninkin ƙarfin da jigawa ke ci a faɗi ɗaya, a fadama kuma tarakta mai nauyi sosai takan danne ƙasa ta kafe. Taya mai dogayen haƙora, R1, ita ce ta noma da taɓo. R3 ta filin ciyawa ce da ba a son a tona. R4 tana tsakani, ta fi jure aikin loda.

Mataki na 6: Giya

Iri biyu za ka fi gani. Mai tafiya da matsin man haidirolik, wadda ake kira haidirostatik, feda kawai ake takawa gaba ko baya. Tana da daɗi a aikin loda da wurare masu matsi, kowa a gida zai iya koyonta, amma tana ɗan rage ƙarfin da ke isa shaf. Mai giyar hannu da kuloci ta fi dacewa da doguwar huɗa a gudu ɗaya, kuma gyaranta ya fi sauƙi.

Mataki na 7: Gwada ta, ka kuma binciki wanda zai gyara ta

Idan ka rage zaɓinka zuwa biyu ko uku, ka hau kowacce. Ƙafarka ta kai feda ba tare da miƙewa ba? Kana ganin bakin bokiti daga kujera? Ka juya ta a wuri mai matsi ka ga yadda take karya kwana. In da hali, a gwada ta da kayan aikin da ka zaɓa a mataki na 2, a ƙasa irin taka. Ka saurari injin lokacin da garma ta nutse ko mayanka ta shiga ciyawa mai duhu: idan ƙararsa ta faɗi sosai har sai ka rage gudu zuwa tafiyar ƙafa, taraktar ta yi wa aikin kaɗan.

Kubota, John Deere, Mahindra, Massey Ferguson, New Holland, Yanmar da Kioti duk suna ƙera taraktoci a wannan girma. Ni dai ban cika damuwa da launin fenti ba. Abin da nake fara tambaya shi ne nisan wurin da ake samun matatar mai, bel, da kayan gyaran famfo, da kuma ko akwai bakaniken da ya san cikinta. Taraktar da ta tsaya mako uku a tsakiyar lokacin shuka tana jiran ɗan ƙarfe guda ta jawo asarar da ta fi bambancin doki 5.

Idan bayan duk wannan kana kokwanto tsakanin girma biyu da ke maƙwabtaka, kuma dukansu suna shiga ƙofarka suna wucewa tsakanin bishiyoyinka, ka ɗauki wadda ta fi nauyi. Aiki a gona ƙaruwa yake yi da zarar inji ya shigo: yau yankan ciyawa, gobe maƙwabci ya roƙi a gyara masa hanya, jibi ka ƙara fili. Amma mataki ɗaya kawai za ka hau, kuma kafin ka biya, ka haɗa kuɗin taraktar da na loda, mayanka, garma ko haro, da nauyin baya a lissafi guda. Idan jimillar ta fi ƙarfinka, gara ka sauko mataki ɗaya ka sayi kayan aikin a cike, ka bar manyan ayyukan shekara-shekara ga injin haya.